Za mu je duba garin 'yan ritaya a Florida, wace unguwa za mu zaɓa?

Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 61, kuma shekara 26 ke nan ina aikin nas a Minneapolis. Maigidana ya yi ritaya bara, shekararsa 67. Sanyin garin nan ya gama da gwiwoyinsa, daga Nuwamba zuwa Afrilu da ƙyar yake saukowa daga bene. Wata Baturiya da muka daɗe muna aiki tare ta koma The Villages a jihar Florida, kullum tana turo mini hotuna, har Alhaji ya kamu da son wurin. Mun kama masauki na 'yan kwanaki a watan Fabrairu domin mu je mu gani. Shi ya riga ya ƙwallafa rai a kan sababbin gidajen da ake ginawa ta kudu, har yana cewa mu tafi da kuɗin kafin alƙalami. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma na rasa dalilin da zan faɗa masa. 'Yarmu tana Atlanta da yara uku, kuma duk dogon hutu a wurinmu suke yinsa. Komawa gida ba yanzu ba, saboda asibitinsa. An ce unguwannin wurin ba sa ƙirguwa. Me zan duba idan mun je, kuma wace unguwa ce za ta dace da mu?

Daga 'yar'uwarki a Minnesota.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da shi.

Ku je, gani ya kori ji. Amma kuɗin kafin alƙalami a bar su a Minneapolis. Wannan shi ne abu ɗaya da zan roƙe ki ki tsaya a kansa tsayin daka, cikin ladabi, ko da Alhaji zai ɗan ɓata rai. Sayen gida a wurin bayan kwana huɗu ko biyar cinikin biri a sama ne, kuma kuɗin da za ku sa a ciki gumin shekara 26 ne na aikin dare da tsayuwa a kan marasa lafiya.

Da farko ki cire hoton "unguwa" daga zuciyarki, domin The Villages gari ne sukutum. Ya faro ne a shekarun 1970 a matsayin filin gidajen tafi-da-gidanka mai suna Orange Blossom Gardens, na wani mutum Harold Schwartz. Ɗansa Gary Morse ya shigo harkar a 1983, aka sauya suna a 1992, daga nan aka yi ta cin gonaki da makiyaya ana nausawa kudu, har yau ba a tsaya ba. Yanzu ya ratsa gundumomi uku, Sumter da Lake da Marion. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 79,077 a ɓangaren da hukumar ƙidaya ke kira da sunan kawai, ban da sassan da aka lissafa cikin garuruwan maƙwabta. Mutanen wurin da 'yar motar golf suke yawo, abu kamar adaidaita sahu, tana da hanyoyinta da gadojinta da ramukan da take bi ta ƙarƙashin manyan tituna. Gudunta bai wuce kilomita 32 a awa ba, saboda haka daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu tafiyar fiye da awa guda ce. Kin ga ke nan inda kuka sauka shi ne duniyarku. Wanda ke kudu ba ya leƙa arewa don shan shayi kawai.

Fabrairun da za ku je kuwa ranar kwalliyar wurin ce. Za ku baro dusar ƙanƙara ku sauka cikin iska mai daɗi, Alhaji ya ji gwiwarsa ta saki, a ba ku gida tsaf da 'yar mota a ƙofa. Wa zai ga haka bai ce a kawo takarda ba? Ba yaudara ba ce, haka lokacin yake. Sai dai watan Agusta ma na garin ne: zafi mai ɗanko kamar na Legas, ba busasshen zafin Zariya ba, hadari da tsawa kusan kowace la'asar, ga lokacin mahaukaciyar guguwa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Da yawa daga cikin maƙwabtan da kuka gaisa da su a Fabrairu sun kulle gidajensu sun koma arewacin ƙasar, sai sanyi ya dawo. Shi ya sa shawarata ita ce ku kama haya tukuna, wata biyu ko uku, kuma ya haɗa da lokacin zafi, wanda hayarsa ma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da nake zaton shi ne ya hana zuciyarki kwanciya, ko da ba ki sa masa suna ba.

Na taɓa kwana uku a wurin, wajen wata tsohuwar abokiyar karatuna, mace mai kirki ƙwarai. Ranar farko da yamma ta ɗauke ni a 'yar motarta zuwa dandalin Lake Sumter Landing. Irin waɗannan dandali su ne zuciyar garin, da shi da Spanish Springs da Brownwood, kuma kowace rana daga yamma zuwa dare makaɗa suna kan mumbari. Na ga tsofaffi 'yan shekara saba'in da tamanin sun jeru sahu-sahu suna taka rawa, wata da sandarta a hannu, wani yana tura matarsa a keken guragu yana juya ta daidai da kiɗa. Wallahi abin ya taɓa ni. Mutane ne da suka ƙi zama a ɗaki su jira mutuwa, kuma kowa ya yi mini murmushi. Sai magariba ta yi wajen ƙarfe shida. Na waiga dama, na waiga hagu, kofunan giya a hannun jama'a, ni kaɗai ce mai mayafi a duk faɗin dandalin. Na koma inda aka jera motoci, na shimfiɗa ɗankwalina tsakanin motoci biyu, na fuskanci arewa maso gabas na yi salla, kiɗa yana tashi a bayana. Ba wanda ya ce mini uffan, ƙawata ma tsayawa ta yi tana gadina. Amma da na sallame na tambayi kaina: in a nan zan ƙare rayuwata, wannan magaribar ce zan riƙa yi kullum?

Ke daga Minneapolis za ki taso, garin da albarkacin 'yan'uwanmu Somaliyawa masallaci ba ya wuyar samu, ki shiga Karmel Mall ki sayo naman halal da hijabi da turaren wuta ki fito. Mutum ba ya sanin yana jingine da bango sai ranar da aka janye shi. A The Villages fiye da kashi 90 cikin ɗari na mazauna fararen fata ne, baƙar fata 'yan ƙalilan ne, Musulmi kuwa sun fi haka ƙaranci. Ban faɗi haka don in tsorata ki ba, ke da kika yi shekara 26 cikin Turawa kin fi ni sanin yadda ake zama da su. Amma akwai bambanci tsakanin aiki da mutane da tsufa a cikinsu. A wurin aiki kina tashi ki koma gida cikin naki. A can babu tashi.

Don haka ki tabbatar kwanakinku sun haɗa da Juma'a. Ranar ku ajiye 'yar motar golf, ku shiga motar gaske, ku duba agogo daga ƙofar gidan da Alhaji ke so har ƙofar masallaci. Akwai masallaci a Ocala ta arewa, tafiyar wajen minti arba'in daga tsohon ɓangaren garin. Akwai masallatai da yawa da shagunan halal a Orlando ta kudu maso gabas, tafiyar awa guda ko fiye. Alhaji da kansa ya tuƙa, da gwiwar tasa, zuwa da dawowa. Idan an idar da salla kada ku yi saurin fita. Ya samu liman su gaisa, ke kuma ki zauna da matan. Ki tambaye su ko akwai masu zuwa daga The Villages, a wace unguwa suke, ina suke sayen nama, ina ake tarawihi, wa ke tuƙa su da dare in azumi ya zo. Amsar da za ki samu a shimfiɗar masallacin nan ta fi duk taswirar da dillali zai miƙo miki. In aka ce ga iyali biyu ko uku na Musulmi a unguwa kaza, to kin samu unguwarki, ko da gidajenta ba su kai na hoto kyau ba.

Sannan ki yi tambayar da ba a so, ki yi ta kai tsaye: in mutum ya rasu, wa ke wanka, ina maƙabartar Musulmi, kuma cikin awa nawa ake iya kai shi makwancinsa? Hajiya, ki gafarce ni, Allah ya ja da ranku ku duka. Amma gidan da ake saya a shekara 67 gida ne da wata rana ɗayanku zai zauna a cikinsa shi kaɗai. In ke ce, a cikinsa za ki yi takaba, wata huɗu da kwana goma. Ki tsaya a tsakiyar falon kowane gida da aka nuna muku ki tambayi ranki, wa zai turo ƙofar nan da kwanon abinci a rana ta ashirin, bayan 'yan gaisuwa sun watse? In kuma Alhaji ne aka bari, wa zai biyo masa su tafi Juma'a ranar da ido ya daina ba shi damar tuƙi? Unguwar da ke da amsar wannan ita ce mai kyau.

Maganar jikoki kuma doka ce a rubuce, ba ta da roƙo. Wurin na masu shekara 55 zuwa sama ne, a ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1995 da ta halatta irin waɗannan garuruwa. Duk wanda bai kai shekara 19 ba ba ya zama a gidajen, ziyara kawai, kuma ba ta wuce kwana 30 a shekara. Dogon hutun makaranta a Amurka wata biyu ne da ɗoriya. Ki lissafa da kanki. Sannan ki yi tunanin abin da ba a fata: in wani abu ya samu 'yarki, rashin lafiya ko matsalar aure, ta ce Mama riƙe mini yaran nan na shekara guda, gidanki na kanki ba zai iya karɓarsu ba. A wurinmu kaka da ba ta iya riƙon jika an rage mata wani abu babba. Wannan batu ki faɗa wa Alhaji shi tun kafin ku hau jirgi, domin na tabbata hotunan da yake kallo ba su nuna masa shi ba.

To, arewa ko kudu? Alhaji yana da hujjarsa, kada ki raina ta. Gidajen kudu, wato bayan babban titin 44, sababbi ne fil, rufi sabo, na'urar sanyaya ɗaki sabuwa, ba gyaran da zai ɗaga masa hankali nan kusa. Mutanen layin duk lokaci guda suka tare, kowa baƙo ne mai neman aboki, saboda haka sabo yana da sauƙi. Kuma sun fi kusa da babbar hanyar Turnpike mai kaiwa Orlando, ko da yake gidajen da ke gefenta suna shan ƙarar motoci dare da rana, ki tsaya a bayan gida ki kasa kunne. Amma bishiyoyi ba su girma ba, inuwa ta yi ƙaranci, gini bai ƙare ba, kuma shago da likita sukan yi nisa. Arewa, daga titin 466 zuwa sama, tsohon gari ne: manyan itatuwa, shaguna kusa, babban asibitin garin yana nan kusa da Spanish Springs, Ocala kuma a hannun riga. Mazauna sun fi tsufa, layin ya fi shiru, kuma sun riga sun saba da junansu, baƙo sai ya yi ƙoƙari kafin ya shiga. Tsakiya, wajen Lake Sumter Landing, kowa na so, shi ya sa take tsada. A ganina, ga mai ciwon gwiwa da yawan ganin likita, ga kuma masu son Juma'a ba tare da doguwar tafiya ba, ku fara nema daga arewa da tsakiya.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin farashin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Kowane sabon gida yana ɗauke da wani bashi da suke kira bond, kason gidan ne na kuɗin da aka kashe wajen shimfiɗa tituna da bututun ruwa da magudanai. A sababbin unguwanni yakan haura dala dubu talatin, ana biyansa da ruwa a kai har tsawon shekara 30, yana zuwa cikin takardar harajin gida kowace shekara. In kuna gudun riba, ana iya biyansa gaba ɗaya, amma sai ku tara shi a kan farashin gidan tun farko. Yawancin tsofaffin gidajen arewa an gama biyan nasu, ko saura kaɗan. Ban da shi akwai kuɗin gyaran unguwa na shekara, da kuɗin wata-wata na wuraren wasa da ninƙaya, kimanin dala 200, ko kun shiga ko ba ku shiga ba, kuma yana hawa da tsadar rayuwa. 'Yar motar ma sabuwarta ta haura dala dubu goma. Harajin gida ya bambanta daga gunduma zuwa gunduma, kuma wasu unguwannin sun faɗa cikin iyakar garuruwa irin su Wildwood da Leesburg, waɗanda ke ɗora nasu harajin a kai. Kada ki yarda da takardar harajin mai gida na da, domin a Florida ana sake ƙiyasta darajar gida bayan an sayar, naku zai iya fin nasa sosai. Gaskiya ne jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga kamar Minnesota, amma inshorar gida takan cinye wani kaso na wannan sauƙin. A tsohon gida tambayarki ta farko ita ce shekarar rufi, domin kamfanonin inshora suna ƙyamar rufin da ya wuce shekara 15. Ki kuma tambayi batun ruftawar ƙasa. Ƙarƙashin yankin dutsen farar ƙasa ne da ruwa ke ci a hankali, a 2018 ƙasa ta rufta a wata unguwa ta ɓangaren Marion har aka kwashe mutane daga gidajensu, kuma inshorar da aka saba ba ta ɗaukar kowace irin ɓarna ta wannan sai an saya daban.

Dillalai iri biyu ne a garin, na kamfanin da ya gina shi da masu zaman kansu, kuma kowanne da jerin gidajensa. Sababbin gidaje a hannun na kamfani kaɗai suke. Ku ga duka biyun.

Wajen irin gida, ki ce a nuna miki wanda suke kira courtyard villa. Shi ne mai katanga kewaye da tsakar gida. Yawancin gidajen wurin a buɗe suke, bayanki yana kallon bayan maƙwabci, kuma ƙa'idar unguwa ba ta barin mutum ya tada shinge yadda ya ga dama. Mace irinki da ke son ta fito da ɗaurin ƙirji ta sha hantsi, ta shanya kayanta, ta dasa yakuwa da kuɓewa a tukwane ba tare da neman mayafi ba, katangar nan ta fi mata falo mai faɗi. Ki karɓi takardar ƙa'idojin unguwar ki karanta ta layi-layi kafin komai. Gidajen bakin tafki suna da kyau da tsada, amma tafkunan Florida akwai kadoji a ciki, kuma jikokinki ƙanana ne.

Duk unguwar da ta kwanta muku, ku koma mata ba tare da dillali ba, da safe da kuma yamma. Ba a kawo wasiƙa ƙofar gida a wurin, kowace unguwa tana da rumfar akwatunan wasiƙa, galibi kusa da wurin ninƙaya, kuma nan ne mahaɗar jama'a. Ki tsaya a wurin minti ashirin da mayafinki, yadda kike a kullum, ki gaishe da mutane, ki ce kina tunanin tarewa. Ke nas ce, kin iya karanta fuska. Za ki gane layin da aka yi miki murmushin baƙo da layin da wata ta ja hannunki ta ce zo ki ga gidana.

Abu biyu a gurguje, tunda fanninki ne. Garin na tsofaffi masu ƙarfi a jika ne, ba gidan jinya ba ne. Ranar da ɗayanku ya buƙaci mai kula da shi dare da rana, wannan kuɗi ne daban, kuma Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ta biyan irin wannan doguwar kulawa. Ke kuma sai kin cika 65 za ki shiga Medicare, saboda haka in kika ajiye aiki yanzu, inshorar lafiyarki ta shekara huɗu daga aljihunku za ta fito. Kafin ku tashi ki kira kamfanin inshorar Alhaji ki ji ko tsarinsa yana aiki a gundumar da kuke nufi, da waɗanne likitocin ƙashi.

Shi kuma Alhaji kada ki tare shi da "a'a". Mutum ne da ya sha zafin ciwo hunturu bayan hunturu, ya hango wurin da zai taka ƙasa ba tare da ya cije leɓe ba, kuma wataƙila yana jin nauyin yadda kike hawa da sauka da tire saboda shi. Ki ce masa kin yarda da barin sanyi ɗari bisa ɗari, abin da kike roƙo kawai a yi haya kafin saye, a yi istihara, a kuma ga wurin cikin zafi. Sannan ki sa masa wata tambaya a gaba ya juya ta da kansa: in ɗumi ake nema, Atlanta fa? Ba ta kai Florida ɗumi ba, takan yi sanyi a Janairu, amma ba a haɗa ta da Minnesota. Akwai ƙananan unguwannin masu shekara 55 a kewayenta, akwai masallatai da 'yan Najeriya da yawa, akwai jirgi kai tsaye zuwa Legas, kuma jikoki suna iya zuwa su yini su koma gidan uwarsu ba tare da ana ƙirga musu kwana ba. Daga Atlanta zuwa The Villages tafiyar wajen awa shida ce a mota a kan titin I-75. Ku sauka wajen 'yarku, ku kwana biyu kuna dubawa, sannan ku ɗauki hanyar ku tuƙa ta da kanku, domin ita ce hanyar da yarinyar nan za ta riƙa bi da yara uku a baya duk ranar da aka buga mata waya aka ce Baba ba lafiya.

Idan kun dawo ki rubuto mini abin da matan masallacin Ocala suka faɗa miki, da sunan unguwar da suka ambata. Ki gaishe mini da Alhaji da jiki.